Birnin Florence na Italiya: Dandalin Michelangelo ko Lambun Boboli?

Dandalin Michelangelo kyauta ne. An gina shi a 1869 bisa tudu, daga can kana hango kogin Arno, gadar Ponte Vecchio da jar kubbar babban cocin birnin. Sai dai da faɗuwar rana ba masaka tsinke, kowa ya ɗaga waya sama.

Lambun Boboli kuwa, bayan fadar Pitti, sai da tikiti. Iyalan Medici, masu mulkin birnin a lokacin, suka fara shi a ƙarni na 16. Ga inuwa, ga mutum-mutumin marmara, amma hanyoyin tsakuwa ne, hawa da gangara, kada ka je da silifas. Mai sauri ya hau dandalin. Mai lokaci, ni dai na ce Boboli, da sassafe.