Kafin ka sayi kwamfiresa ko akwatin eko, dubi ramukan mikisarka tukuna

Wani ƙanen abokina da ke zaune a Shari Mansur a Makka ya kira ni bayan isha'i, ransa a ɓace. Yana naɗar karatun wani malami a ɗakinsa, ya tara kuɗi ya sayi kwamfiresa ta hannu don murya ta daina hawa da sauka. Ya ce, "Yaya, ga ta ga mikisa, amma na rasa inda zan cusa wayar." Na ce ya turo mini hoton mikisar, wato na'urar da ake jona wa makirfo tana haɗa sautuka, gaba da baya. Ina gani na san inda gizo ke saƙar: babu ramin da aka rubuta wa INSERT ko ɗaya. Ya sayi doki kafin ya duba ko gidan na da ƙofar da zai shiga.

Na'urorin gyaran murya da ake jona wa mikisa daga waje iri biyu ne, kuma kowanne da ƙofarsa. Akwai waɗanda dole muryar gaba ɗaya ta ratsa ta cikinsu ta fito, kamar kwamfiresa (ba ta firji ko mukayyif ba, sunan ne ya zo ɗaya), da mai rage kaifin harafin "s", da mai rufe layi in an yi shiru. Waɗannan ramin INSERT suke buƙata. Akwai kuma waɗanda ɗan tsakure ake aika musu su yi masa ado su mayar a gauraya da asalin muryar, wato eko da danginsa. Su kuma ta AUX SEND ko FX SEND ake fita, a dawo ta RETURN ko ta wani layin da ba a amfani da shi. In ka sa kwamfiresa a hanyar eko, asalin muryar na nan tana wucewa ba a taɓa ta ba, ka yi aikin banza.

Ramin INSERT rami ɗaya ne mai aiki biyu. Wayarsa mai rassa biyu ce: kai ɗaya mai zobe biyu, mai kaurin milimita 6.35, ya rabu zuwa kawuna biyu masu zobe ɗai-ɗai. A yawancin mikisoshi, tsinin kan shi ke fitar da murya, zoben tsakiya ya dawo da ita. Reshen fita ya shiga INPUT na kwamfiresa, na dawowa ya fito daga OUTPUT. In ka jona ka ji tsit, kada ka tsorata, musanya rassan biyu. Kuma kada ta yi tsawo, domin wannan hanyar ba ta da kariyar da wayar makirfo mai ƙafa uku take da ita; mita biyu ya isa. Mai shago zai iya miƙo maka wayar da ke raba sauti ga hedifon biyu don sun yi kama. Ba ita ba ce.

To, ga zaɓin da ke gabanka.

In mikisarka na da INSERT, kamar Mackie 1202VLZ4 da ke da shi a layuka 4 na farko, kwamfiresa irin dbx 266xs za ta zauna daram, kuma tana da layi biyu, ko da malami da mai ja masa baƙi ne kowa ya sami nasa. Sai dai wannan Mackie ba ta da USB, don haka sai ka ƙara akwatin da zai kai sautin cikin kwamfuta. Lissafa shi cikin kuɗin tun yanzu. A bayan kwamfiresar akwai maɓallin +4 da -10. Tsakaninsu akwai tazarar kusan dB 12 (dB shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma in bai dace da mikisarka ba, ko dai murya ta yi ƙasa sosai ko ta riƙa fashewa.

In kuwa irin ƙananan nan ce da suka cika hannun mutanenmu, kamar Yamaha MG10XU ko Behringer Xenyx Q802USB, babu INSERT, amma an riga an dasa musu kwamfiresa mai maɓalli ɗaya a layuka biyun farko, ga kuma USB. Yamaha ɗin har da eko da danginsa iri 24 a cikinta. Gaskiyar magana, mai wa'azi ko mai shirin hira da ke da ɗaya daga cikin waɗannan, sau da yawa ba ya bukatar sayen komai. Ya murɗa maɓallin kaɗan, ya saurara. Illar ita ce ba ka da iko a kan saurin kamawa da sakewa, abin da masu na'urar suka zaɓa maka shi ke nan.

Abin da na ba yaron nan shawara shi ne na uku, kuma shi na fi so ga mai naɗar murya ɗaya: akwatin da ya haɗa komai, irin dbx 286s. Makirfo cikinsa yake shiga kai tsaye, ba cikin mikisa ba. Shi zai ɗaga muryar, ya ba da wutar bolt 48 in makirfon mai bukatarta ne kamar Audio-Technica AT2020, ya danne hawa da sauka, ya rage kaifin "s" da "sh", ya kuma rage hayaniyar ɗaki a tsakanin jimloli. Daga nan waya ɗaya ta fita zuwa ramin LINE na mikisa. Ramin LINE na ce, ba na makirfo ba, domin in ka sa a na makirfo an ɗaga murya sau biyu ke nan, za ta fashe, ga kuma kasadar tura bolt 48 inda ba a nema ba. Kyawunsa shi ne ba ruwansa da INSERT. Ko gobe ka sayar da mikisar ka koma Focusrite Scarlett 2i2, irin akwatin nan da ke kai sauti cikin kwamfuta, dbx ɗin na nan yana aiki. Murya ɗaya kawai yake ɗauka, wannan ce iyakarsa.

Akwai abin da mai shago ba zai gaya maka ba, kuma mu mazauna wannan ƙasa ya fi shafa. Kwamfiresa tana danne inda murya ta yi ƙarfi ne, sannan a ɗaga duka gaba ɗaya. Duka ɗin nan har da rurin mukayyif ɗin taga, da horon motoci, da yaran maƙwabta a kan matakala. Wanda ya yi bazara a Makka ko Jidda ya san kashe mukayyif na awa guda ba ƙaramin jihadi ba ne. Na sha jin karatu mai daɗi wanda duk sanda mai karatun ya tsaya numfashi sai ka ji injin ya taso kamar jirgi zai tashi. Dabarata ita ce a sanyaya ɗakin sosai, a kashe, a naɗa na minti 15 ko 20, a huta a sake kunnawa. In ɗakinka mai hayaniya ne, makirfo irin Shure SM58, wanda ake kusanto da baki kuma ba ya bukatar bolt 48, zai fi yi maka amfani a kan kowace kwamfiresa. Wajen saitin kwamfiresa kuma, fara da sa maɓallin RATIO, wato yawan dannewa, a 3:1 ko 4:1, ka bar fitilar dannewa tana nuna dB 3 zuwa 6 a wuraren da murya ta fi ƙarfi. Abin da ka danne lokacin naɗa ba ya dawowa.

Sai maganar eko. Na san kunnenmu ya saba da amon manyan masallatai, kowa na son karatunsa ko begensa ya fito da wannan faɗin. Amma akwatin eko na waje shi ne abu na ƙarshe da zan sa kuɗina a kai. In ka dawo da shi cikin babban layin da ke tafiya ta USB, ya manne da muryar har abada, ranar da ka so yanke tari ko gyara kuskuren aya sai wutsiyar ekon ta tona maka asiri. Naɗa murya busasshiya, ka zuba eko daga baya a kwamfuta. Ko Audacity, manhajar gyaran sauti da ake samu kyauta, tana da shi. In dai sai ka jona na waje, ka murɗa maɓallin MIX nasa har ƙarshe ya zama eko zalla yake mayarwa, kuma in ta wani layi ka dawo da shi, ka tabbata AUX na wannan layin yana sifili, in ba haka ba za ka ji ƙarar da za ta tashi gida.

Batun wuta ma a kula. Wutar Saudiyya mai zagaye 60 ce, kuma duk da an koma bolt 230, akwai tsofaffin gidaje da har yanzu ake samun soket ɗin 127 a cikinsu. Wasu na'urorin da aka yi don kasuwar Amurka bolt 120 kaɗai suke ɗauka, kuma irinsu na yawo a kasuwar kayan hannu. Karanta abin da aka rubuta kusa da ramin wutar kafin ka biya. A gida kuma ka jona mikisa da akwatin da kwamfuta a reshen wuta ɗaya, hakan na rage gunjin nan mai "hummm".

In sabo za ka saya a shago ko ta Amazon ko Noon, tambayi ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15 cikin 100 da ake karɓa tun 2020, ka kuma riƙe fatura saboda garanti. In na hannu ne daga Haraj, shafin sayar da kayan hannu, ko kasuwar Sawarikh ta Jidda, tafi da makirfonka da hedifon da wayarka. Murɗa kowane maɓalli kana saurare, wanda ke ƙarar yashi ƙura ta shige shi, ka nemi ragi ko ka bar shi. Girgiza wayar a cikin kowane rami ka ji ko sauti na yankewa.

Shi dai yaron ya sayar da kwamfiresar ga wani mai haɗa lasifika a wurin biki, ya cika kuɗi ya sayi akwatin haɗe-komai. Da ya turo mini naɗin farko na ji rurin mukayyif a bayan malamin, na tambaye shi. Ya ce, "Yaya, Malam ne ya ce ba zai yi karatu cikin zufa ba."