Sharhi Kan Na'urar Hannu Mai Gano Dalma a Ruwa

Aikina gwajin ruwan rijiyoyi da na burtsatse ne, kuma na yi damina da rani ina amfani da wata na'urar hannu da ke auna dalma da kadmiyam, ƙarafa biyu masu guba, ta hanyar lantarki. Na ga tana da amfani ƙwarai wajen tantance ruwan da ya kamata a yi gaggawar bincika, amma ban yarda a dogara da ita kaɗai wajen yanke hukunci ba.

Ana zuba ruwa a ƙaramin kofi, a jefa ƙwayar sinadarin da ke daidaita tsaminsa, sannan a tsoma zirin gwaji wanda sau ɗaya ake amfani da shi. Na'urar tana sakin lantarki kaɗan domin ƙarfen da ya narke a ruwan ya taru a jikin zirin, daga nan ta juya ƙarfin lantarkin a hankali har ƙarfen ya sake. Kowane ƙarfe yana da matakin da yake sakewa, da haka ake gane ko wanne ne, yawan lantarkin da ya gudana kuma shi ke nuna adadinsa. Cikin 'yan mintuna sakamako yake fitowa a bakin rijiya, alhali samfurin da aka aika ɗakin bincike na jami'a yakan ɗauki kwanaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a maikurogiram 10 cikin lita ɗaya (maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram), ta kadmiyam kuma 3, kuma a ruwa garau na'urar tana iya ganin dalma a ƙasa da wannan iyaka.

Matsalar tana ga ruwan da ba garau ba, wanda shi ne mafi yawan abin da muke samu a karkara. Na'urar tana ganin ƙarfen da ya narke ne kawai, saboda haka dalmar da ta maƙale a jikin laka ko ruɓaɓɓen ganye takan ɓuya mata, sai ta ba da adadi ƙasa da na gaskiya. Da na kwatanta sakamakon ruwan kududdufi da na babbar na'urar ɗakin bincike, inda ake narkar da komai da asid tukuna, bambancin ya fito sarari. Yawan tagulla a ruwa shi ma yana rikita lissafin. Ga tsadar zirin, wanda da dala ake sayo shi, kuma zafin watan Afrilu ba ya yi masa daɗi in an bar shi a mota.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda za a fahimci sakamakon. A annobar gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ce babbar hanyar da gubar ta bi, shi ya sa sai da aka kankare ƙasar gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega. Idan na'urar ta nuna rijiya lafiya lau a irin wannan wuri, wajibi ne a auna ƙasar tsakar gida da jinin yara kafin a ce wa mai gari hankali ya kwanta.