Ƙwallon duniya na hurawa: ya isa a koyar da tafiyar Majelan da shi?

Ƙwallon roba ne mai taswirar duniya, irin wanda ake samu wurin masu kayan lakwal a Maradi. Don nuna wa yara cewa Majelan, matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal da ya jagoranci tafiyar da ta fara zagaye duniya, ya nufi yamma, ɗaya daga jiragensa kuma ya komo ta gabas, ya fi taswirar bango nesa ba kusa ba.

A liƙa jan zare da salatef a Sifaniya, inda jirage 5 suka tashi a Satumbar 1519. A ja shi kudu har ƙarshen Amurka ta Kudu, a ƙetare tekun Fasifik zuwa Filifin. Nan a ƙulla zaren, don nan aka kashe Majelan a 1521. Sai a canza launi a zagayo ta kudancin Afirka: jirgi guda ya isa gida a 1522 da mutum 18.

Matsalar ƙwallon ita ce zafi. In an hura shi tam aka bar shi a rana, iskar ciki na kumbura, haɗin robar ya ɓalle. A hura shi sako-sako, a nisanta shi da ƙarangiya. Mashigin Majelan kuwa, siririyar hanyar ruwan da ya bi a ƙarshen Amurka ta Kudu, ya yi ƙanƙanta a jikin ƙwallon ƙwarai, dole malam ya zana shi babba a allo.