Kamfanin kwangila ko mai cin gashin kansa: ina sabon matuƙin jirgi zai dosa a Amurka?

Ɗan'uwa ya yi tambaya kan ƙanensa da ya gama makarantar tuƙin jirgin sama a Amurka, yana da takardar izinin aiki da sa'o'in tashi kusan 600: ya nemi kamfanonin kwangila irin su SkyWest ne, masu tashi da sunan manyan kamfanoni, ko ƙanana masu cin gashin kansu irin su Cape Air?

Malam, da sa'o'i 600 doka ta riga ta zaɓa masa. Bayan hatsarin jirgin Colgan Air kusa da Buffalo a 2009, an tsaurara ƙa'ida, tun 2013 ba mai zama ko mataimakin matuƙi a irin su SkyWest sai da sa'o'i 1,500. Ana sassauta wa tsohon matuƙin soja zuwa 750, mai digirin fannin daga jami'ar da aka amince da ita zuwa 1,000.

SkyWest da Republic ba sa sayar da tikiti da sunansu. Jirgin yana ɗauke da fentin United ko Delta ko American, babban kamfanin ne ke tsara hanya, ya yanka kuɗin kujera, galibi ya biya mai, sannan ya biya ɗan kwangila bisa tashin da ya yi, ko jirgi ya cika ko bai cika ba. Jiragen su ne irin Embraer 175 da CRJ900, kujera 76, domin yarjejeniyar ƙungiyar matuƙan manyan kamfanoni ta hana a wuce haka. Albashi ya fi tsoka a nan. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da uban gida ya janye kwangila: United ta janye wa ɗan kwangilarta ExpressJet a 2020, kafin ƙarshen shekarar ya daina tashi. Matuƙi kuwa da ranar shigarsa kamfani ake auna shi, hutu da jadawali da hawa kujerar kyaftin duk a kanta suke. Ya koma wani wuri, ya koma ƙarshen layi, ko da furfura a kansa. Envoy da PSA da Piedmont mallakin American ne, suna da tsarin wucewa kai tsaye zuwa babban kamfanin, sai dai jira.

Cape Air wata duniya ce. Jiragen farfela masu kujera 9, Cessna 402 da Tecnam, gajerun tashi daga Boston zuwa tsibirin Nantucket, ko daga Billings zuwa ƙananan garuruwan Montana. Kuɗinsa daga tikiti ne da tallafin gwamnati na garuruwan da ke lungu, shirin da aka kafa a 1978. Yana ɗaukar mataimaki tun bai kai 1,500 ba. Albashin ba yawa, aikin kuma ba hutu: sauka da tashi sau da yawa a yini, ƙasa ƙasa cikin hazo da ƙanƙara, kana juyawa ga fasinja a bayan kafaɗarka. A ganina hannu ya fi faɗawa a nan.

Ƙanen naka ya tambayi abu biyu kafin ya sa hannu da irin su Cape Air. Waɗannan jirage mutum ɗaya na iya tuƙa su, don haka ya tabbatar sa'o'in da zai yi a kujerar dama, wato ta mataimaki, za su shiga littafinsa bisa doka. Sannan ya karanta sharaɗin horo, domin wasu kamfanonin kan ɗaure mutum da wa'adi, in ya tafi da wuri ya biya kuɗin horon. In sharuɗɗan ba su yi masa ba, ya koyar da ɗalibai tuƙi har ya cike sauran 900 ɗin, hanyar da yawancin matuƙa ke bi ke nan.