Sharhi: Fitilar LED a tsohuwar wayar gidan haya, da aikin mai gyaran wuta

Fitilar da na saya irin mai faɗin nan ce da ake mannawa a silin, wat 18, farin haske. Na sa ta a falon gidan da nake haya a unguwar Nasarawa, Birnin Kebbi, a madadin doguwar fitila mai tsawon ƙafa huɗu da ke cin wat 36, wadda da zarar wuta ta yi ƙasa sai ta yi ta ƙifce-ƙifce ta ƙi kamawa. Ta fuskar haske ba ni da ƙorafi. Ko wutar ba ta kai bolt 230 ɗin da ya kamata ba, nan take take kamawa, ƙaramin janareta ma yana ɗaukarta tare da fanka. Abin da ban so ba shi ne wayoyinta, sirara ne gajeru, kuma ba a haɗo da maɗaurin waya a kwalin ba.

Ainihin aikin a cikin silin yake. Da mai gyaran wutar ya sauke tsohuwar fitilar, wayoyi biyu ne suka fito, ja da baƙi, robar jikinsu ta bushe tana ɓantalewa da an lanƙwasa. Duk wanda ya san zafin kwano a Kebbi tsakanin Maris da Afrilu ba zai yi mamaki ba. Wayoyin sabuwar fitilar kuwa ruwan ƙasa ne da shuɗi. A ƙa'ida ja yana tafiya da ruwan ƙasa, su ne masu wuta, baƙi kuma da shuɗi. Na faɗa masa haka, sai ya ce, "Malam, a tsohon gida ba a yarda da launi, sai an gwada."

Ya kashe makunnin bango, ya ɗora tasta, wato ɗan sukudireban gwada wuta, a kan jar wayar, sai ga ta ta kama. Ashe wanda ya yi wayar gidan tun asali nutiral, wato baƙar wayar, ya bi da shi ta makunni, layif ɗin kuma, wato jar wayar mai wuta, ya wuce kai tsaye zuwa fitila. Wato ko an kashe fitilar, wuta tana nan zaune a silin tana jiran wanda zai hau kujera ya canja ƙwai. Ya ce irin wannan haɗin ne kan sa wasu fitilun LED su riƙa ɗan haske dishi-dishi da dare bayan an kashe su, mutane su zaci fitilar ce jabu. Gaskiya hankalina ya tashi, don yarana suna kwana a falon nan lokacin zafi.

Yadda ya yi gyaran ya gamsar da ni. Ya cire fiyus, ya duba makunnin janareta don kada wuta ta biyo ta baya, ya sake gwadawa kafin ya sa hannu. Ya mayar da layif ta makunni, ya yanke bakin wayar da ya bushe har ya kai inda roba take da laushi, sannan ya ɗaure da maɗauri mai kusa maimakon murɗawa a naɗe da salatif. Babu wayar ƙasa, wato wayar kariya da ke kai wuta ƙasa idan ta taɓa jikin ƙarfe, a silin ɗin ko kaɗan. Ya ce tunda jikin wannan fitilar roba ne ba matsala, amma kada in kuskura in rataya mai jikin ƙarfe sai an jawo wayar ƙasar.

Inda ya gaza: mun yi da shi da hantsi, sai bayan la'asar ya zo, kuma da ya ga aikin ya ƙaru ya ƙara kuɗi ba tare da mun tsaya mun yi ciniki tun farko ba. Duk da haka zan sake kiransa. Ya gwada ɗakin kwana da kicin, haɗin iri ɗaya ne, kuma na riga na kai wa mai gidan magana, don a cire kuɗin gyaran daga haya.