Ka sayi sabuwar bindigar farauta a Amurka: me za ka fara ƙara mata?

Duk wanda ya taɓa shiga shagon kayan farauta a Amurka ya san yadda abin yake. Kafin a gama cike maka takardu, ido ya riga ya sauka a kan bangon da aka jera madubin saiti, maratayi, fitilu da kunamu na gyara. Wani ɗan'uwa da ya fara farauta tare da mu bara ya kira ni daga cikin irin wannan shago, ya ce, "Yaya, na sayi bindigar, kuma da sauran kuɗi a hannuna, me zan haɗa da ita?" Na ce masa ya sayi akwatin ƙarfe mai makulli na ajiye bindiga, da abin toshe kunne, da harsashi kwali huɗu, ya fito. Sauran sai bindigar ta gaya masa da kanta.

Maganar nan a kan bindiga mai ɗura wa kanta harsashi ce, wadda kowane jan kunama harbi ɗaya ne, sannan ta fitar da kwanso ta ɗauko na gaba. Mai karatu a gida Najeriya ya sani cewa dokar makamai ta 1959 ta cire bindigar tsuntsaye (shotgun, mai watsa ƙwayoyi da yawa a harbi ɗaya) irin wannan daga jerin waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda yake bayar da lasisinsu, don haka wannan bayani na wanda yake zaune inda doka ta ba shi dama ne. A Amurkar ma kowace jiha da nata. Pennsylvania, alal misali, ta yarda a yi farautar ƙananan dabbobi da raiful irin wannan tun 2017, amma ba ta yarda a harbi barewa da ita ba. Akwai kuma layin da ba a tsallakawa: dokar tarayya ta 1934, da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya, ta sa raiful mai bututun da ya gaza inci 16, ko bindigar tsuntsaye mai bututun da ya gaza inci 18, a ƙarƙashin rajista ta musamman. Duk wani ƙarfe da aka ce zai sa bindiga ta yi ta aman wuta ba tsayawa, hanyar kurkuku ce, kada ka ko taɓa shi.

Akwatin ƙarfe ba ya cikin abin da ake muhawara a kai, musamman a gidan da yara da baƙi suke shiga da fita kamar gidajenmu. Kunne kuwa, ƙarar harbi tana kai desibel 140 har ta wuce, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Abin toshe kunne na soso yana da arha kuma yana aiki idan an cusa shi daidai. Na lantarki mai rufe kunne gaba ɗaya ya fi shi a filin koyo, saboda kana jin maganar malami yayin da yake datse ƙarar harbi.

Bari mu fara da bindigar tsuntsaye, domin a nan ne mutane suka fi zubar da kuɗi a banza. Ita ba a saita ta kamar raiful, nuna ta ake yi, idonka a kan tsuntsu. Saboda haka abu na farko shi ne ta zauna maka a kafaɗa. Ka rufe ido, ka ɗaga ta zuwa kumatu, ka buɗe. Idan ka ga kana kallon saman bututu kamar titi ya miƙe a gabanka, ko kuma bayan bindigar ya tare maka gani, to gindinta bai dace da kai ba. Yawancin bindigogin kamfanonin Beretta da Benelli suna zuwa da 'yan faya-fayan roba a cikin kwali, waɗanda ake sakawa tsakanin gindi da jiki don a sauke shi ko a karkatar da shi. Kyauta suke, amma da yawa ba sa ko buɗe ledarsu. Tsawon gindi daga masana'anta yakan kai wajen inci 14, kuma wanda ya auna shi da riga mai shara-shara a watan Agusta zai ga ya yi masa tsawo a Nuwamba idan ya sa rigar sanyi mai kauri. Matashin roba na ƙarshen gindi, siriri ko mai kauri, shi yake gyara wannan, ya kuma rage shurin da kafaɗa take sha.

Sai cok, wato ɗan bututun da ake murɗawa a bakin bindiga don ya matse ko ya saki ƙwayoyin harsashi. Ana auna shi da yawan ƙwayoyin da suka faɗa cikin da'ira mai faɗin inci 30 daga nisan yadi 40: wanda aka rubuta wa Improved Cylinder wajen kashi 50 cikin 100, Modified wajen 60, Full wajen 70. A takarda ke nan. Abin da bindigarka za ta yi da harsashin da ka saya, sai ka gwada. Na tuna ranar da muka manna babbar takarda a jikin kwali, muka ja baya, ɗan'uwan nan ya harba. Da muka je dubawa, ƙwayoyin sun taru a sama ta hagu, kusan tafin hannu biyu daga ɗigon da ya nufa. Ya tsaya yana shafa ramukan da yatsa, shiru. Da ya sayi cok mai tsada a ranar farko, da ƙara matse kuskuren kawai zai yi. Faifan roba ɗaya muka canza, harbin ya dawo tsakiya.

Ra'ayina, ka yi kakar farauta ɗaya da cok ɗin da suka zo a kwali. Mai farautar agwagwa ya lura cewa tun 1991 an hana harsashin dalma a farautar tsuntsayen ruwa a duk faɗin ƙasar, kuma ƙwayar ƙarfe ba ta lanƙwasa kamar dalma, tana fita a matse. Modified da ƙarfe yakan yi aikin da Full yake yi da dalma, kuma yawancin masu ƙera bindiga suna gargaɗi kada a tura ƙarfe ta cikin Full sai an rubuta a jikinsa cewa ya dace. Idan za ka sayi na waje, ka duba zaren murɗinsa da kyau. Mobilchoke na Beretta, Crio na Benelli, Invector na Browning da Rem Choke na Remington ba sa shiga gurbin juna, ko da sun yi kama a ido.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata ka sani kafin ka rataya wa bindigar komai. Beretta A300 da A400 da iskar harbi suke aiki: shurinsu da sauƙi, amma suna son wanki. Benelli M2 da ire-irenta da ƙarfin shurin kansa suke juya harsashi. Na taɓa ɗora wa irin wannan fitila da mariƙin harsashi na gefe, na je filin harbin faranti da harsashi mara ƙarfi, sai ta riƙa maƙale kwanso bayan kowane harbi uku ko huɗu. Nauyin da na ƙara ne ya cinye motsin da take buƙata. Ina cire su ta dawo daidai. Ƙarin bututun ɗaukar harsashi kuwa ba shi da amfani ga mai farautar tsuntsaye masu ƙaura, tunda doka ta tsayar da shi a harsashi 3, har ma sai an sa toshi a ciki.

A raiful, tambayar ita ce madubi mai jan ɗigo ko madubi mai kusanto da nesa. Jan ɗigo, wanda kamfanin Aimpoint na Suwidin ya fara fitarwa a 1975, yana da sauri, ana harbi da ido biyu a buɗe, kuma ya isa ga abin da bai wuce yadi 100 ba. Amma mai matsalar ido da yake ganin fitilun mota suna watsewa da dare zai iya ganin ɗigon kamar tauraro mai wutsiya, don haka ka leƙa ta cikinsa a shago tukuna. Mai farauta a fili da sassafe ko dab da magariba, madubin 3-9x40, mai kusanto da abu ninki 3 zuwa 9, ya fi masa, domin yana son ya tabbatar da abin da yake kallo kafin ya ja kunama. Na 1-6x yana tsakiya, sai dai nauyi da tsada. Ga mai ƙaramar raiful Ruger 10/22, wadda take kasuwa tun 1964 kuma ta dace da zomo da kurege, a nemi madubin da aka yi don ƙaramin harsashi, wanda aka daidaita shi a wajen yadi 50.

Kada ka sayi madubi mai kyau ka ɗora shi a kan zobban riƙe madubi masu arha. Saitin da yake yawo yau dama gobe hagu, sau da yawa laifin zobba ne, ko ɗaurin da aka yi da ƙarfin hannu kawai. Akwai sukuddireba mai auna ƙarfin ɗauri, ka bi adadin da mai zobban ya rubuta.

Maratayi mai ɗauri biyu ka saya tun yanzu, ba shi da tsada, kuma shi ne yake sakar maka hannu a lokacin tsallake rafi. Kunama kuma ka bar ta zuwa ƙarshe. Ta 10/22 daga masana'anta takan bukaci ƙarfin ja na laba 5 zuwa 6, Ruger da kansa yana sayar da kunamar BX mai laba 2.5 zuwa 3 da ake sakawa kai tsaye. A kan teburin harbi tana da daɗi. A daji cikin sanyi, yatsa a cikin safar hannu ba ya jin komai, mai nauyin ta fi aminci. In har ka canza ta, kada ka goge ƙarfen ciki da kanka, ka kai wa makanikin bindiga ya saka, ya gwada makullin tsaro a gabanka, bindigar ba harsashi a ciki.