Kwana Takwas da Baturiyar Jego: Abin da Na Gani a Kraamzorg ta Holan

Ranar da na gaya wa Umma ina da ciki, ko barka ba ta gama yi ba ta ce, "To wa zai yi miki wanka?" Na yi dariya a waya, amma da na ajiye sai da na zauna bakin gado na yi shiru. Haihuwar fari ce. Da a Zariya nake, tun cikin yana wata bakwai za a zo a ɗauke ni goyon ciki, in koma ɗakin Umma, ba ruwana da tukunya har sai na yi arba'in. Ga ni kuwa a Wageningen, wani ƙaramin gari na jami'ar noma a ƙasar Holan, inda maigida yake digirinsa na uku, ko shekara ban cika da zuwa ba. Umma tana fama da ciwon gwiwa, ga Baba ba mai kula da shi, don haka maganar zuwanta ba ta ma taso ba.

A wurin ungozoma na fara jin kalmar kraamzorg. A nan mai ciki ba likita take gani ba muddin lafiyarta ƙalau, ungozoma ce mai awo tun daga farko har haihuwa, sai in an ga matsala a tura ki asibiti. A zuwana na farko, cikin bai kai wata uku ba, ta tambaye ni ko na yi rajistar mai kula da jego. Na ce wane jego kuma, tun yanzu? Ta ce in hanzarta, domin ma'aikatan sun yi ƙaranci, wadda ta yi jinkiri tana iya samun awanni kaɗan. Ashe wata ma'aikaciya ce da aka horar, take zuwa gidanki kullum a kwana takwas na farko bayan haihuwa, ta duba ki, ta duba jinjiri, ta koya miki reno, ta kama miki 'yan ayyukan gida. Kamfanoni ne da yawa suke yi, ke za ki zaɓa. Na zaɓi ɗaya a intanet, ba don na san komai a kansa ba, sai don shafinsu yana da Turanci.

Maganar kuɗi tukuna, don na san ita za a fara tambaya. Inshorar lafiya ta tilas ce take biya. Abin da aka saba bayarwa awa 49 ne ga mai shayarwa, mafi ƙaranci 24, in akwai larura ana iya ƙarawa har 80. Ke kuma akwai ɗan abin da za ki sa daga aljihunki a kan kowace awa. A 2024 da na haihu yuro 5.10 ne. Mu awa 40 muka samu, muka biya yuro 204. Wannan hidima ba ta shiga cikin yuro 385 ɗin nan da mutum yake fara biya da kansa a shekara kafin inshora ta karɓa. Sai dai 'yan'uwa masu zuwa karatu su lura: ɗalibin da ba ya aiki ba irin wannan inshorar yake da ita ba, a karanta takarda da kyau tun kafin ciki ya tsufa. Mu mun tsira ne saboda maigida albashi ake biyansa.

Da cikin ya shiga wata na bakwai wata mata ta zo daga kamfanin ta zagaya gidan da takarda a hannu. Ta ce gadonmu ya yi ƙasa, sai an ɗaga shi da wasu ƙafafu da ake arowa, don kada bayan ma'aikaciya ya yi ciwo wurin sunkuyo. Maigida ya ce, "Wato mai zuwa aiki ce za ta tsara mana tsayin gado?" Haka muka ɗaga, na riƙa hawa da ƙyar kamar mai hawa raƙumi. Ta kuma lissafa kayan da za a tanada: ma'aunin zafin jiki, bokitai, tulin ƙyallaye, da wasu gorunan ƙarfe guda biyu da ake cika wa ruwan zafi a ɗumama gadon jinjiri. A lokacin na ɗauka fi'ili ne. Waɗannan gorunan daga baya su suka fi komai amfani a gidan.

Na haihu a asibiti cikin watan Nuwamba, da asuba. Matan Holan da dama a gida suke haihuwa, ni dai na ce a'a, aka kuma bar ni da zaɓina. Abin da ban shirya masa ba shi ne sallama: kafin la'asar muna gida. Ni, da maigida, da 'yar jinjira da ko riƙe ta ba mu iya ba, waje kuma duhu tun ƙarfe biyar, ga iska mai ratsa ƙashi. Daren nan ba wanda ya runtsa.

Washegari ƙarfe takwas aka danna ƙararrawa. Dattijuwa ce doguwa, za ta kai sittin, ta jingina kekenta a bango, ta wanke hannu, ta shigo ɗaki kamar gidan ƙanwarta. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta latsa marata ta ji ko mahaifa tana komawa, ta duba ɗinki, ta tambayi jini, ta auna zafin jikina da na yarinya, ta rubuta komai a wani littafi da aka bari a kan tebur. Kowane fitsari, kowane kashi, kowane shan nono, da lokacinsa. Ungozoma in ta leƙo bayan kwana biyu, littafin take fara buɗewa. Kunya ta kama ni ranar farko, baƙuwa tana buɗe ni haka, amma yadda ba ta ɗauki abin a bakin komai ba ya sa na saki jiki.

Inda ta ciri tuta a wurina shi ne shayarwa. Kwana biyu ruwan nono bai zo ba sai ɗan dakashi, yarinya tana ta tsala kuka, Umma a waya tana cewa a ɗan ɗiga mata ruwa kada ƙishi ya kashe ta. Matar nan ta ce ko ɗigo, dakashin nan ya ishe ta, cikinta bai wuce 'yar ƙwallo ba. Ta zauna gefena kusan awa guda tana gyara yadda yarinya take kama nono, ta sa filo nan, ta juya kafaɗa can, har zafin da nake ji ya ragu. Kullum tana ɗora ta a sikeli. Ta ce duk jinjiri yana raguwa a kwanakin farko, in raguwar ta doshi kashi 10 cikin ɗari ne ake tashi tsaye. Tamu ta tsaya a ƙasa da haka, ta fara hawa a rana ta biyar. A rana ta huɗu nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, na zauna ina kuka ba dalili, yarinya tana yi ina yi. Ta kawo mini shayi, ta ce kusan kowace mai jego tana yin kukan nan a daidai wannan rana, jiki ne yake sauyawa, in ya wuce mako biyu bai tafi ba in gaya wa ungozoma. A gida ba na jin akwai wadda za ta faɗa mini haka. Cewa za a yi ki yi haƙuri, ki gode wa Allah kin sauka lafiya.

Shi ma maigida bai tsira ba. Doka ta ba shi hutun mako guda da cikakken albashi, ita kuwa ba ta bar shi ya yi hutun a kan kujera ba. Ta kira shi banɗaki, ta sa shi ya gwada ruwan wanka da gwiwar hannu, ta miƙa masa yarinya. Mutumin da a gidansu ko ɗakin mai jego ba zai daɗe a ciki ba, sai ga shi yana wankan jinjira a bokiti, hannu yana rawa. Na ɗauki hoto na tura wa Umma. Amsarta: "Ikon Allah. Kada dai ki nuna wa mahaifiyarsa."

Mun yi saɓani, ba sau ɗaya ba. Na farko a kan ɗumi. Ni na naɗe yarinya da bargo uku na ƙure na'urar ɗumama ɗaki, ita ta zo ta rage, ta buɗe taga kaɗan, ta ce ɗakin barcin jinjiri tsakanin digiri 16 da 18 ake so, a ɗumama gadon da gora a cire ko a ajiye ta nesa da jiki, a kwantar da ita a rigingine a gadonta ita kaɗai. Na bi ta a kan bargo da kwanciyar rigingine, amma maganar gado daban ta yi mini wuya, sai muka jawo gadon ya manne da namu. Cibiya ma ta ce ba a gasawa, ba a shafa komai, a bar ta ta bushe. Na bari, ta kuma faɗi lafiya lau.

Na biyu a kan wankana. Umma ta aiko da kanwa da yaji da garin kunu ta hannun wani ɗalibi da ya dawo daga hutu, tana kuma kira safe da yamma ta ji ko na yi wanka da tafasasshen ruwa. Da na kwatanta wa matar yadda ake yi, da ganyen darbejiya ana fyaɗa wa jiki, ta zaro ido. Ba ta raina ba, tambayoyi ta yi ta yi, amma ta ce ruwan ɗumi a shawa ya isa, ga ɗinki ɗanye. Da ta ji kanwa gishiri ce sai ta ce in tambayi ungozoma, tun da jinina ya ɗan hau a ƙarshen ciki. Ni ma na san likitocin Zariya sun daɗe suna danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da zafin wanka, don haka ban yi gardama ba. Kunu na sha, kanwa 'yar kaɗan, Umma kuma na ce mata ina yi. Allah Ya yafe mini.

Abinci kam, a nan hidimar ta gaza, kuma ba na ganin laifin matar. Abin da ta iya shi ne burodi da cuku da yankakkun 'ya'yan itace a faranti, an jera gwanin kyau. Mai jegon da aka saba cika wa ciki da tuwo da farfesu da gasasshen nama, burodi mai sanyi da tsakar rana ba ya kai mata ko'ina. Da na san haka da na cika firiza da miya tun ina wata takwas. Wata 'yar Ghana, Bahaushiyar Kumasi da muka haɗu a masallaci, ita ta cece ni da kular farfesun kaza har sau uku.

Sai abin da ya ɓata mini rai da kamfanin. A rana ta shida aka kira da safe aka ce matarmu an tura ta wani gida, wata za ta zo, awannin ma an rage. Wadda ta zo yarinya ce, ba ta da laifi, tana da fara'a, amma sai da na sake bayanin komai daga farko, shawararta a kan shayarwa kuma ta saɓa da ta farkon. Mai jego a kwana na shida ba ta da ƙarfin tantance wa za ta bi. Awa taran da muka rasa ba a caje mu ba, gaskiya, amma ni awannin nake so.

Suna ya zo da nasa abin dariya. Doka ta ce a yi wa jinjiri rajista a ofishin ƙaramar hukuma cikin kwana uku, da sunansa. Wato ma'aikacin gwamnati ya riga dangi jin sunan. Maigida ya kira mahaifinsa tun ranar farko aka tsayar, ya yi mata huɗuba, muka rufe bakinmu har ranar bakwai. Rago a Zariya aka yanka, muka kalla ta bidiyo, mata cike da tsakar gidanmu ana ta guɗa, ni ina zaune a kan dogon gadona. A nan mutum shida suka zo. Yarinyar kamfanin ta kawo mana abin da 'yan Holan suke ba masu zuwa barka, wani busasshen biskit da aka shafa wa man shanu aka barbaɗa ƙwayoyin alewa, ruwan hoda da fari in mace ce, shuɗi da fari in namiji. Muka haɗa da cincin da dabino. Su a al'adarsu ma ba a faɗo wa mai jego haka kawai, sai an yi alƙawarin lokaci. Da farko na ga rashin zumunci ne. Da na samu barcin rana ba wanda ya tashe ni, na ɗan sassauta hukunci.

Cikin makon ne kuma wata ta zo ta ɗiga jinin dunduniyar yarinya a kati don gwajin cututtukan gado, ta gwada jin kunnenta. A rana ta takwas aka nuna mini ɗigon bitamin K da D, aka rufe littafi, aka ce daga yanzu asibitin yara na unguwa ne zai ci gaba da awo da rigakafi. Aka yi sallama.

Rana ta tara ita ce ba wanda ya gaya mini. Maigida ya koma aiki, ƙararrawa ba ta yi ƙara ba, gidan tsit, ga sauran kwana talatin da biyu kafin arba'in. Na iya wanka, na iya shayarwa, na san zafin jikin da ya kamata, 36.5 zuwa 37.5, duk matar nan ta koya mini, kuma ko Umma ba za ta koya mini da wannan tsari ba. Amma ba mai karɓar yarinya in runtsa, ba mai cewa sannu. A gida mai jego ɗaukarta ake yi ɗungurungum har ta warware. A nan koya miki ake yi ki tsaya da ƙafarki, a kwana takwas, a tafi.

Duk mai ciki a Holan da ta tambaye ni, ina ce mata ta yi rajista da wuri, ta karɓi duk awannin da aka ba ta, kada ta rage don tsimin yuro biyar, ta kuma tambayi kamfanin tun farko ko mutum ɗaya za su bar mata. Maigida kuma ya nemi ƙarin hutun mako biyar da doka ta yarda a kan kashi 70 na albashi. Mu mun yi lissafin kuɗi muka bari, na yi da-na-sani. In Allah Ya kawo na biyu zan sake kiran su, in roƙi dattijuwar nan da sunanta. Umma kuma ta ce ko da sanda ne sai ta zo, na ce ta taho da darbejiyarta, amma ta sauka a rana ta tara.